Sakamakon WAEC, NECO da JAMB: Yadda ɗaliban Kagarko za su karanta shi don gyara karatu da zaɓen sana'a

Hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, tana garin Bwari ne, maƙwabcin Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, kuma hanya ɗaya ce ta haɗa shi da Jere. Duk da wannan kusanci, ɗalibai da dama a yankin, kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar, idan sakamako ya fito tambaya ɗaya kawai suke yi masa: an ci ko an faɗi? Alhali takardar tana ɗauke da bayanin da ya wuce haka. Tana nuna darasin da ke buƙatar gyara, tana kuma nuna ƙofar da ke buɗe a wannan shekarar da wadda sai an sake shiri.

Jarrabawar kammala sakandare hukumomi uku ne suka fi shahara da shirya ta: WAEC da aka kafa a 1952, NABTEB ta fannin sana'o'i da kasuwanci da aka kafa a 1992, sai NECO mai hedikwata a Minna, wadda ta zo a 1999. WAEC da NECO suna da matakai tara, daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, kuma a nan ne ruɗani ya fi yawa: ɗalibi yana ganin babu F9 a takardarsa sai ya ɗauka ya gama, alhali jami'a ba ta lissafa D7 a cikin kiredit biyar da take nema.

Ba ma yawan kiredit ɗin ne kaɗai abin dubawa ba, a wane darasi aka same su? Mai kiredit bakwai da ya samu D7 a Kemistri ba zai shiga karatun likita ko aikin jinya ba. Mai son lauya da bai samu kiredit a Adabin Turanci ba, shi ma hanyarsa a toshe take ko da sauran darussan duk A1 ne. An daɗe ana sharɗanta Turanci da Lissafi ga kowa. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da ɗage sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan fannin adabi da harsuna, amma yana nan daram ga fannonin kimiyya, fasaha da zamantakewa.

Ita kuwa jarrabawar UTME ta JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, kowanne maki 100, jimla 400. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Sakamakonta na shekara ɗaya ne kacal, saɓanin na WAEC da NECO wanda ba ya tsufa. A sakamakon farko na 2025 sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi, cikin kusan miliyan biyu da suka zauna, ba su kai maki 200 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma kwasa-kwasan da ake rububinsu, irin su likitanci, lauya da harhaɗa magunguna, makinsu ya yi wa wannan nisa.

Abin da ya fi jimla amfani shi ne makin kowane darasi. A ɗauki ɗalibai biyu da kowannensu ya samu 190. Na farko makinsa ya rarrabu kusan daidai a darussan huɗu. Na biyu ya haura 55 a uku, Fiziks ya ja shi ƙasa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Na biyun darasi ɗaya zai fuskanta, ya nemi malami, ya bi manhajar JAMB babi-babi. Na farkon kuwa sau da yawa matsalarsa ta tsarin karatu ce gaba ɗaya, ko ta saurin amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu a gaban kwamfutar da bai saba da ita ba. Wannan na biyun babban ƙalubale ne ga ɗan makarantar ƙauye da watakila bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, kuma jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske don irinsa aka yi ta.

Idan aka kwatanta sakamakon biyu, hoto yakan ƙara fitowa. Wanda ya samu B3 a Bayoloji a WAEC amma ya tashi da maki 35 a UTME, ya kamata ya tambayi kansa dalili, ya kuma amsa tsakani da Allah. Kiredit ɗin da aka samu ta hanyar satar amsa ba ya raka mai shi zuwa ɗakin kwamfuta, balle aji ɗaya na jami'a. WAEC kuma tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu na kowane darasi a shafinta na intanet, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka fi yin kuskure. Kyauta ne, amma malamai kaɗan ne ke kai shi aji.

Hukumomin su ma sukan yi kuskure. A watan Mayu na 2025 Shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa kan tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta na shekarar WAEC ta gyara sakamakonta, adadin masu kiredit biyar da Turanci da Lissafi ya tashi daga kashi 38.32 zuwa 62.96 cikin ɗari. Saboda haka sakamakon da ya saɓa wa tarihin ɗalibi ƙwarai ya cancanci a bi kadinsa ta hannun shugaban makaranta kafin a yanke hukunci.

Bayan gano inda aka tsaya, sai zaɓi. Wanda darasi ɗaya ya hana shi, zai iya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO ta ƙarshen shekara, ya haɗa sakamakon biyu. Yawancin makarantu suna karɓar zama biyu, ko da yake da yawa suna neman zama ɗaya a likitanci. Wanda kiredit ɗinsa ya cika amma makin UTME ya gaza, yana iya sauya kwas ko makaranta ta shafin JAMB, muddin darussan da ya rubuta sun dace da sabon kwas ɗin. Wajibi ne kuma ya tabbatar an ɗora sakamakon sakandarensa a tsarin CAPS, domin rashin yin haka kaɗai yakan hana gurbi.

Kudancin Kaduna ba shi da ƙarancin ƙofofi. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana koyar da aikin gona da kimiyyar muhalli. Akwai Kwalejin Aikin Jinya da Ungozoma a Kafanchan, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da kuma Jami'ar Tarayya ta Kachia da aka kafa a 2025. Mai NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, haka ma wanda ya bi shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello. A lissafi, ɗalibin da ya shafe shekara uku yana maimaita UTME don kwas ɗaya, abokinsa da ya tafi Gidan Waya ya riga ya kammala NCE.

Fannin noma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ɗalibai suka fi ɗauka a matsayin kwas ɗin da ake jefa wanda ya rasa likitanci. Kagarko na cikin yankin citta tare da Kachia da Jaba, kuma cutar da ta afka wa cittar a daminar 2023 ta cinye jarin gidaje masu yawa, har da kuɗin da ake biya wa yara rajistar jarrabawa. Gano irin wannan cuta da samar da iri mai jure mata aikin masana cututtukan tsirrai ne da malaman gona. Darussan da ake nema a UTME don shiga fannin su ne Turanci, Kemistri, Bayoloji ko Kimiyyar Noma, sai Fiziks ko Lissafi, kusan waɗanda mai neman likitanci ya riga ya rubuta.