Natsuwa da Aikin Hannu a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum: Waiwaye Adon Tafiya

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an yawaita kawo mana darasin natsuwa daga ƙasashen Turawa, ana cewa mutum ya zauna shiru, ya lura da numfashinsa, ya tara hankalinsa a kan abin da ke gabansa. Wannan koyarwa ta shiga asibitocinsu ne tun 1979, lokacin da wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe sashen rage damuwa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda ake horar da marasa lafiya na tsawon mako 8. Ba mu raina ƙoƙarinsu ba. Sai dai idan muka waiwayi tarihin yammacin Zamfara, za mu tarar kakanninmu sun san natsuwa tun da daɗewa, kuma a cikin ibada da aikin hannu suka ajiye ta. Manufar wannan maƙala ita ce mu ga inda ta zauna, da yadda ta kuɓuce mana.

Malamai da alƙalami

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar tashin hankali ba ce. Wajen shekarun 1760 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara, sarakunanta suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka yada zango a Anka a farkon ƙarni na 19. Cikin wannan zamani na rashin tabbas Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara da wa'azi, kuma ƙanensa Abdullahi ya faɗa a littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara 5 a ƙasar. Daga cikin mutanen Shehu akwai Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna Matuzgi ta ƙasar Mafara, ya shahara da zikiri da rubuce-rubuce.

Abin lura a nan shi ne yadda ilmi ke yaɗuwa a wancan lokaci. Babu maɗaba'a, saboda haka duk mai son littafi sai ya are shi ya kwafa da hannunsa. Shi zai fere alƙalaminsa, shi zai haɗa tawadarsa da ƙaro, sa'annan ya zauna kan buzu yana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya, da sanin cewa in hankalinsa ya gushe ko na ƙiftawar ido, ya ɓata takarda mai tsada, ko ya canza ma'anar malami. Wannan zama kansa makaranta ce ta tara hankali. Irin wannan tarbiyya ce ta gidan malamai Shaihu Abubakar Mahmud Gummi ya tashi a cikinta a garin Gummi, kafin daga baya ya zauna ya fassara Alƙur'ani mai girma gaba ɗayansa zuwa Hausa, aikin da ba ya yiwuwa ga mai garaje. Ya rasu a 1992. Malamanmu sun saɓa a kan mas'aloli da dama, amma ba mu ji wanda ya saɓa a kan cewa salla ba ta cika sai da natsuwa ba.

Rani da ayyukansa

Talaka kuwa, a cikin rani natsuwarsa take. Da an kai amfanin gona rumbu, sai hannu ya koma kan ƙananan ayyuka. A cikin gida tsohuwa za ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Zare ba ya karɓar fushi. In zuciya ta yi zafi sai ya tsinke, in ta yi nisa sai ya yi kauri. 'Yan mata na ɗinkin faifai, wasu na saƙar tabarma da kaba. A zaure ko gindin bishiya samari na ɗinkin hula, suna ƙirga ɗinki, hula guda takan ci makonni. Dattawa kuma su haƙa gurbi 30 a ƙasa su buga dara, kowa da 'ya'yansa 12, a yi dogon shiru kafin a ɗaga ɗa guda. Wani kiwon tantabara ne abin sha'awarsa, wani kuma ya ɗauki fatsa ya nufi Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka.

Ba mu ce rayuwar da ba ta da wahala ba. Akwai yunwa, akwai haraji, akwai cuta. Kuma yawancin waɗannan ayyuka suna kawo 'yan kuɗin cefane. Amma sun koya wa mutum yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, shi ya sa masu iya magana suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yadda abin ya sauya

Sauyin ya faro ne a hankali. Da jirgin ƙasa ya isa Gusau, sa'annan Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta riƙa bin hanyar kasuwa, yadin kanti ya yawaita, mazari ya fara komawa ƙarƙashin gado. Rediyo ta shigo zaure, sa'annan daga 2001 wayar hannu ta shiga aljihu.

Babban bugun kuwa zinariya ce ta yi shi. Da farashinta ya tashi, sai mutanen ƙauyuka suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da ake shanya hatsi, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Ashe dutsen cike yake da dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Ba mu zargi iyayen nan ba, talauci ne ya kora su, kuma ba wanda ya faɗa musu abin da ke cikin dutsen. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013.

Ba a gama share wannan hawaye ba 'yan bindiga suka addabi yankin, ƙauyuka suka watse, jama'a suka tuɗaɗo Anka da sauran garuruwa gudun hijira. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, a watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya. Garuruwa sun yi tsit a lokacin, amma shirun mai sauraron ƙarar babura daga daji ba shi ne natsuwa ba. A nan muka gane cewa natsuwa 'yar zaman lafiya ce, wanda Bahaushe ya ce ya fi zama ɗan sarki.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, nauyi biyu ne a kanmu. Na farko, tsofaffin da suka san sunayen kayan kaɗi da zanen hula da dokokin dara suna ƙarewa, wasunsu ma a wuraren gudun hijira, nesa da ɗakunan da suka bar mazarinsu. Mu je mu zauna da su, mu rubuta abin da suka sani da bakinsu, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Na biyu ya shafi sana'armu. Da yawa daga cikinmu muna fitar da littafi kafin ya nuna, ba mu sake karanta shi ba, balle mu ba wani ya duba. Mu ɗauki darasi daga mai kwafar littafi da mai ɗinkin hula: mu keɓe lokaci bayan sallar asuba, mu ajiye waya, mu rubuta shafi ɗaya da hannu, mu karanta shi a bayyane, mu gyara. Wanda ya lazimci haka shekara guda zai ga bambanci a rubutunsa da kuma zuciyarsa.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu, amin.