Kwaɗin Mustafa Alasan

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin kwaɗo ya zama shugaban ƙasa? Ka taɓa ganin kwaɗi sun shiga fili suna kokowa? An ga haka a sinimar Nijar, an kuwa sha dariya. Wanda ya yi wannan aiki ɗan ƙasarmu ne, sunansa Mustafa Alasan.

An haife shi a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai. Can ƙasar Zabarmawa ce, abokan wasan Gobirawa. Tun yana yaro yana son zane. Yakan yi wasan inuwa da fitila, mutane su taru su kalla. Ya fara da aikin kanikanci. Daga baya ya koyi aikin sinima wajen wani Bafaranshe, Jean Rouch. Ya kuma je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

To, yaya zane ke motsi? Ba tsafi ba ne, haƙuri ne. Mai zane zai zana kwaɗo a tsaye. Sai ya sake zana shi ya ɗaga ƙafa kaɗan. Sai ya sake, ƙafar ta ƙara tashi. Kowane zane a ɗauki hotonsa. Injin sinima yana gudu da hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kwaɗo yana tafiya. Ka ga wasan minti biyar yana cin zane masu ɗimbin yawa.

A 1966 Mustafa ya fito da "Bon Voyage Sim", wato Sim a sauka lafiya. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne. Shugaban wata ƙasa ya gayyace shi ziyara. Aka tarbe shi da fareti da girmamawa irin ta manya, alhali kuwa kowa kwaɗo ne. A lokacin shekara 6 kacal da samun mulkin kai, shugabannin Afirka suna ta kai wa juna ziyara da kuɗin talakawa. Mai kallo ya yi dariya, ya kuma gane inda aka dosa.

Ya yi wani wasan mai suna "Kokowa". Dabbobi ne ke karawa a fili, ƴan kallo sun kewaye su, kamar yadda ake yi tun gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci.

A zamanin Seyni Kunce gidan Tele-Sahel ya fara aiki. An kafa akwatunan tele masu aiki da hasken rana a ƙauyuka da dama. Bayan sallar isha'i jama'a kan shimfiɗa tabarmi, yaro da babba, su kalli kokowa da wasan kwaikwayon Yazi Dogo. Akwati ɗaya, gari guda, dariya ɗaya. Shi ma Mustafa yakan ɗauki injinsa a mota ya kai sinima ƙauyuka. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa. Ya rasu a 2015 a Wagadugu. Allah ya jiƙansa.

Ku mutanen Birnin Lalle, tsohon birnin sarakunan Gobir, kun san wannan dabara tun kafin sinima. A tatsuniya gizo yakan yi wa zaki wayo, kura ta sha kashi saboda kwaɗayi. Abin da baki ba zai faɗa wa sarki ba, dabba ta faɗa. Mustafa tatsuniya ya ɗauka ya ba ta ƙafa.

Yau yaranmu suna kallon zanen wasu ƙasashe a salula, kowa shi kaɗai. Tsofaffi masu tatsuniya kuwa suna ta tafiya. Kai da ka koyi karatu da rubutu, nemi littafi da alƙalami. Zauna wajen kakarka, ka rubuta tatsuniya ko guda ɗaya, ka karanta wa yaranka da dare. Wata rana wani mai zane zai same ta.