ƊALIBANMU NA JAMI'A DA HIDIMAR YARA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo ikkilisiyarmu ga bikin cika shekara hamsin. Cikin wannan littafi an ba da tarihin fastocinmu, da na Zumuntar Mata, da na ginin masujada. Kwamitin biki ya ga ya dace a keɓe shafi domin waɗansu ma'aikata da ba a taɓa naɗa su ba, ba a kuma taɓa biyan su ko kwabo ba, wato 'ya'yanmu ɗaliban jami'a waɗanda suka riƙe aikin yara.

TUSHEN AIKIN

Wannan hidima ta girmi ikkilisiyarmu. 'Yan mishan na S.U.M., waɗanda Dokta Karl Kumm ya jagoranta zuwa Wase a 1904, sun mai da Gindiri cibiyar ilimi, har suka buɗe makarantar makafi a can a 1953. A Gindiri ɗin ne aka kafa zumuntar ɗalibai masu bi, wato F.C.S., a 1957. Abin da ɗalibi ya koya a cikinta shi ne, ilimin da ya samu bashi ne, ga na baya kuwa zai biya shi. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, waɗanda suka taso cikin wannan tarbiyya suka shiga da ita. A 1968 aka kafa NIFES domin ɗaliban manyan makarantu, a 1975 kuma Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafafunta. Daga nan 'ya'yan manoma na ƙasar Filato suka soma samun jami'a a kusa da gida.

YADDA SUKA YI HIDIMA

A 1976 gwamnati ta soma shirin ilimin firamare kyauta, wato U.P.E. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka zata, malamai kuwa suka yi kaɗan. Yaro yakan kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Ɗalibanmu da suka dawo dogon hutu suka ga haka a Makarantar Lahadi, domin yaran ba sa iya karanta ayar haddacewa. Sai suka roƙi dattawa a ba su masujada a ranakun mako. Da bencin sujada da allo guda suka soma koyar da karatu da lissafi, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa shi ne littafin karatunsu.

Bayan 1986, lokacin matsin tattalin arziki na SAP, iyaye da yawa suka cire yara daga makaranta, musamman 'yan mata, suka ɗora musu talla. A nan aikin ya canza kama. Ɗaliban suka riƙa bi gida gida suna roƙon iyaye, suna haɗa kuɗi daga ɗan guzurinsu domin sayen littattafai da kayan makaranta. Masu karatun likita da jinya suka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa, suka kuma ƙarfafa su su kai jarirai rigakafi.

Gaskiya ita ce, ba kullum aka karɓe su hannu bibbiyu ba. Sa'ad da suka kawo maganar aurar da 'yan mata da wuri da kuma dukan 'ya'yan riƙo gaban majalisar dattawa, waɗansu suka ce boko ya sa musu raini. Amma suka yi haƙuri, suka bi ta hannun Zumuntar Mata, suna tuna wa kowa yadda Ubangiji Yesu ya tsauta wa almajiransa da suka hana a kawo masa yara. Sun yi wannan tun kafin Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003.

Bayan rikicin Jos na Satumba 2001, masujadai da yawa suka zama mafakar waɗanda suka rasa gidajensu. Ɗalibai suka taimaka wajen rubuta sunayen yara, da neman danginsu, da koyar da su har ƙura ta lafa. Haka ma a 2022, da yajin aikin malaman jami'a ya rufe makarantu wata takwas, waɗansunsu suka koma ga allo maimakon zaman banza.

ABIN DA KE GABANMU

'Yan'uwa cikin Kristi, da yawa daga dattawa da malaman da ke zaune cikinmu yau a kan waɗannan bencina suka koyi karatu. Amma kwamiti ya lura cewa masu dawowa hutu su yi aikin suna raguwa, alhali marayu da 'ya'yan masu gudun hijira suna ƙaruwa. Shekara hamsin ikkilisiya ta ci moriyar aikin ba tare da ta sa shi cikin kasafin kuɗinta ba. Muna roƙon majalisa ta gyara wannan, ta keɓe baiko domin alli da littattafai da kuɗin mota. Ku kuma 'ya'yanmu na jami'a, hutu mai zuwa ƙannenku suna jiran ku.

Ubangiji ya sa albarka. Amin.