Tarihin Gano Alaƙar Ƙurar Fure da Ƙaiƙayin Baki Bayan Cin Ɗanyen Abinci

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin yadda likitocin Turai da Amurka suka gano cewa murar da ƙurar fure ke haddasawa da ƙaiƙayin bakin da wasu ke ji in sun ci ɗanyun 'ya'yan itatuwa tushensu ɗaya ne.

A shekarar 1819 ne John Bostock ya bayyana wa likitocin Landan wata mura mai zuwa da atishawa da jan ido, wadda kan dawo a lokaci guda kowace shekara. Ba a tabbatar da musabbabinta ba sai a 1873, sa'ad da Charles Blackley na Mancesta ya nuna cewa ƙurar furen ciyayi ce. Amma fa duk wannan bincike a kan hanci da ido da ƙirji ya fi karkata.

Maganar baki ta taso ne a 1942, lokacin da Tuft da Blumstein suka ba da bayanin mutanen da ɗanyun 'ya'yan itatuwa ke sa wa ƙaiƙayi. A 1970 aka danganta furen ciyawar Ambrosiya da ayaba da dangin kankana a Amurka. A 1977 kuma Hannuksela da Lahti na Finlan suka nuna irin wannan dangantaka tsakanin furen bishiyar Betula da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa irin su tuffa.

Abin da ya daɗe yana rikita masana shi ne, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayin ba ya jure wa wuta ko ajiya. Saboda haka gwajin fata da tsohon ruwan tuffa sau da yawa ba ya nuna kome, alhali kuwa maras lafiya gaskiya yake faɗi. Bayan da masanan Biyana suka fayyace tsarin furotin ɗin Bet v 1 na furen Betula a 1989, sai aka ga tuffa tana ɗauke da mai kama da shi ƙwarai. Wato garkuwar jiki ce ke kasa bambance su. Wannan ne dalilin da ya sa dafaffiyar tuffa ba ta cika damun mai wannan lalura ba.

Daga ƙarshe, muna iya cewa koken marasa lafiya ya riga hujjar ɗakin gwaji da kusan shekara 50. Ga al'ada abin kan tsaya a leɓe da maƙogwaro, amma wasu abinci, kamar seleri, kan iya kai mutum ga mummunan hali, don haka bai kamata likita ya raina wannan koke ba.