Kunnen Mai Gyara

Ranar wata Laraba bayan la'asar wani dattijo ya tsaya a bakin rumfata a kasuwar waya ta Farm Centre, ya zaro waya daga aljihun rigarsa ya ɗora min a kan tebur. Ya ce, "Ɗana, duba min wannan. Jikana ne ya sa min abin jin waƙa a ciki, amma da zarar fuskar ta yi duhu sai mawaƙin ya yi tsit, kamar an toshe masa baki." Na ce, "Bismillah Baba, zauna." Na shiga saitin wayar, wajen batir, na nemo sunan manhajar, na cire ta daga cikin waɗanda wayar ke kashewa don tattalin caji. Na kunna waƙar, na kashe fuskar, kalangu ya ci gaba da tashi. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "Ko buɗe cikinta ba ka yi ba fa." Na ce masa ai lafiyarta ƙalau, umarni aka ba ta, shi take bi.

Maganarsa ta mayar da ni rumfar mahaifina a Fagge, Allah ya jiƙansa, inda ya yi sama da shekara talatin yana gyaran rediyo da rikoda. A can na buɗe ido, cikin ƙaurin dalma da tarin lasifikoki. Sana'ar da nake yi yau tasa ce, kayan aikin ne suka sauya.

Shi mahaifina, wanda muke kira Baba, ya riski ƙarshen zamanin garmaho. Ya ce akwati ne mai hannu a gefe, sai an wana shi kafin faifai ya juya, juyi 78 a minti ɗaya. Idan wanin ya fara saki, muryar mawaƙi sai ta yi nauyi tana ja, wani ya yi maza ya ƙara wanawa. Allurar ƙarfe ce, tana zuwa da yawa a ɗan gwangwani, kuma ƙa'ida a sauya ta bayan kowane gefe, domin allurar da ta dakushe cin faifan take yi. Gefe ɗaya bai wuce minti uku da 'yan kai ba, shi ya sa mawaƙin da ya saba raba dare a gaban sarki dole ya dunƙule waƙarsa idan an zo ɗauka. Faifan kuma kamar tangaran yake, ya faɗi ya fashe, babu mai gyara.

Rediyo da ta fara shigowa Kano a 1944 ma ba irin wadda muka sani ba ce. Waya aka ja zuwa akwatuna a gidaje da dandali, abin da aka saka daga tasha shi kowa zai ji, iyakacin ikonka ka ƙara murya ko ka rage. Sai da rediyo mai batir ta yawaita, BBC ta fara Hausa a 1957, Kaduna ta buɗe a 1962, sannan kowane magidanci ya zama ɗan ƙaramin mai saiti. Ana murɗa makama a hankali a kan gajeren zango, mita 49 ko 31, a karkata eriya, wani har ya ɗaura mata waya ya rataya a kan darbejiya. Masu sauraron Zaɓi Sonka sun san zafin a karanto sunanka daidai lokacin da tasha ta shuɗe cikin shuu.

Amma zamanin da na sani da hannuna shi ne na kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma kafin na yi wayo ya cika gari: a motar haya, a teburin mai shayi, a ɗakin amarya, inda rikoda ke cikin kayan da ake nunawa. Kaset ya yi wa waƙar Hausa abin da faifai bai yi ba. C60 na ɗaukar minti talatin a kowane gefe, C90 minti arba'in da biyar, saboda haka Shata ya samu fili, Ɗanƙwairo ya samu fili. Ban da haka, duk mai rikoda yana iya ɗauka da kansa. Mutum ya je biki ko naɗin sarauta, ya ɗora akwatinsa a cinya ya danna maɓallai biyu, ya dawo gida da waƙar da ba a taɓa shiga ɗakin ɗauka da ita ba. Da yawa daga cikin waƙoƙin manyan makaɗanmu ta haka kaɗai suka tsira.

Ga yadda Baba ke karɓar aiki. Idan aka kawo rikoda, ba ya taɓa sukundireba tukuna. Akwai wani kaset ɗaya da yake ajiyewa don gwaji, na Ɗan Maraya Jos, saboda kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, ƙaramar karkata ba ta ɓuya a cikinsa. Sai ya saka, ya runtse ido. Idan murya na ja, ko dai batir ya yi sanyi ko bel ɗin roba ya saki. Idan tana rawa kamar mai jin ɗari, ɗan gangan robar da ke matse zare ne ya sulɓe ko ya taurare. Idan ta dushe kamar ana waƙa a cikin bargo, kan da ke karanta zaren ya yi dauɗa, sai auduga da sifirit. In an goge bai washe ba, akwai wani ɗan sukuru a gefen kan, shi zai riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin lasifika, har sai sautin ya fito tas. Wannan sukurun ban taɓa ganin ya bar wani yaro ya taɓa ba sai da ya shekara biyu a rumfar. Yana cewa da mu, "Ku bari akwatin ya gaya muku ciwonsa kafin ku fasa masa ciki."

Sauran gyaran kuwa kowa likitan kansa ne. Rikoda ta cinye zare, a jawo shi a hankali, a zura biro a ramin kaset a naɗe. Ya tsinke, a yanke inda ya tauye, a haɗa da ɗigon jan farce ko siririn salatif. Wurin zai riƙa yin ɗan tsalle har abada, mai kaset kuma ya haddace tsallen tare da waƙar. Batir ya mutu, a shanya shi a rana a samu na dare ɗaya. Matasa ba sa yarda su mayar da kaset baya da rikoda, da biro suke juyawa don kada a ci batir a banza.

A wancan lokacin, a Kasuwar Ƙofar Wambai ake buga kaset da yawa. Injuna ne jere, uwa ɗaya tana shayar da 'ya'ya, daga nan 'yan kasuwa su kwasa zuwa garuruwa, can ma a sake kwafa daga kwafi. Kowane kwafi yana rage haske ya ƙara shuu, har ya zama wanda ya isa ƙauye kusan rabinsa iska ce. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya ware wa wannan harka babi guda a littafinsa Signal and Noise na 2008. Mu da muka tashi a ciki ba mu ɗauki shuu ɗin aibi ba. Da na fara jin Shata a tsabtataccen sauti, sai da na ji kamar an cire wani abu.

Faifan CD bai daɗe ba. Ya zo da kyalli, ƙurar hunturu ta shiga idon injin, faifai ya karce ya riƙa maimaita kalma ɗaya, ana gogewa da gefen riga. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru wayoyi masu memori suka cika kasuwa, rumfar Baba ta fara yin shiru. Ni ne na ce masa zan sayi kwamfuta in zauna cikin 'yan turi. Bai hana ni ba, ya ce dai in riƙe amanar abin da ke cikin wayar mutane. Shekaru na yi ina cika memori da waƙoƙin fina-finai da wa'azi da karatun Alƙur'ani da tsoffin makaɗa. Ciwon wancan lokaci shi ne memori ta ƙi buɗewa, ko ta nemi a wanke ta, ko a sayar wa mutum ta jabu wadda aka rubuta mata girman da ba ta da shi. Daga baya Bluetooth da Xender suka sa kowa ya zama ɗan turin abokinsa.

Yanzu waƙar ma ba ta cikin wayar. Tana can wata uwa duniya, ana ɗebo ta ta intanet lokacin da ake ji. Boomplay ta fara a Najeriya a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno tun daga kwali. Audiomack ta samu karɓuwa wajen matasan mawaƙa saboda suna iya ɗora waƙarsu da kansu. Spotify, wadda aka buɗe a Suwidin a 2008, ba ta iso nan ba sai Fabrairun 2021. Sai ga mutane sun dawo bakin tebur da ƙorafi, ni kuma na tarar da kaina ina yin abin da Baba ke yi: in saurara tukuna.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne data na ƙarewa. Wannan lissafi ne kawai. A Spotify, matsakaicin sauti kilobit 96 ne a daƙiƙa, wato wajen megabait 43 a awa ɗaya. Mai girma sosai kuwa 320 ne, wajen megabait 144. Mai jin waƙa ta lasifikar ƙaramar waya yana tuƙa Keke Napep ba zai bambance su ba, amma aljihunsa zai bambance, balle tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025. Sai in rage masa, in kunna masa tattalin data, in nuna masa yadda zai sauke waɗanda ya fi so in ya samu wayfai. Wata ta ce waƙa na tsayawa tana tsalle alhali sabis cike yake. Na duba, wayar ta cika maƙil, na share tarkacen da manhajar ke tarawa, ta saki. Wani ya rantse lasifikarsa ta mutu, ashe wayar na manne da Bluetooth ɗin motar da ya ajiye a bakin titi, can waƙar ke tashi. Akwai kuma masu ƙure bes a ma'aunin sauti, su zo suna cewa tsoffin waƙoƙi ba sa fita. Yaya za su fita? Kalangu da kukuma da muryar mawaƙi a tsakiya suke zaune. In ka rage ƙasa ka ɗaga tsakiya kaɗan, sai ka ji 'yan amshi sun matso kusa. Duk lokacin da na ja waɗannan layuka da ɗan yatsa, sukurun Baba nake tunawa.

Ba na cikin masu cewa da ya fi yanzu. Manhaja ba ta cin zare, ba ta son a shanya mata batir, kuma yaron da ke Agadas ko Kumasi yana jin waƙar da aka saki a Kano a daren da aka sake ta. Abin da ke damuna ɗaya ne. Kaset naka ne, ko ya tsinke kana da abin ɗaurawa. Waƙar manhaja haya ce. Wanda ya sauke waƙoƙi a Spotify, in ya yi kwana talatin bai hau intanet ba, ko kuɗin watansa ya ƙare, rufe su ake yi. Kuma abin da ba a ɗora ba, babu saitin da zai kawo shi. Tsoffin makaɗanmu kaɗan ne nasu ya hau, wanda ya hau ma sau da yawa an rubuta sunan yadda aka ga dama, an ba wannan waƙar wancan.

Dattijon nan ya dawo bayan mako biyu. Ya ce akwai wata waƙar Ɗanƙwairo da yake nema, wadda aka yi a wani naɗi a garinsu, yana saurayi. Na rubuta sunan da ƙugiya, na rubuta babu ƙugiya, na raba shi biyu, na haɗe, na bi manhaja uku da YouTube. Babu. Na ce, "Baba, wa ya ɗauka a lokacin?" Ya ce yayansa ne, da rikodarsa, kuma kaset ɗin na nan a cikin adaka.

Washegari ya kawo shi a naɗe cikin hankici. TDK ne, C90, takardar jikinsa ta yi ja, zaren ya yi fari-fari a gefe ɗaya. Na tafi da shi gida, na sauko da rikodar mahaifina daga saman kwaba. Bel ɗinta ya narke ya zama kamar kwalta, sai da na kwana biyu ina yawo kafin na samu daidai ita wajen wani tsohon mai gyara a Sabon Gari. Na goge kan da sifirit, na juya kaset ɗin da biro daga farko zuwa ƙarshe don zaren ya saki, na ɗaure wuri ɗaya da ya tsinke. Da na kunna, muryar ta fito a dushe. Na ɗauki ƙaramin sukundireba, na kara kunne a lasifika, na juya sukurun nan kaɗan-kaɗan har kotso ya washe. Sannan na ja waya zuwa kwamfuta na ɗauke gefe biyun.

Ranar Asabar na tura masa a wayarsa, na kuma saka a memori daban na ce ya ba jikan ya ajiye. Ya sa abin kunne a nan kan bencina. Shuu ya fara zuwa, sai hayaniyar taro, sai wata murya kusa da rikodar tana cewa a matsa a ba makaɗa wuri. Dattijon ya ɗaga hannu ya dafe kafaɗata.

"Tsaya, ɗana. Mayar min baya kaɗan. Yayana ne wannan."