Harajin Missouri Da Jama'a Ke Sabunta Shi Da Hannunsu

A farkon shekarun 1980, jihar Missouri da ke tsakiyar Amurka ta samu kanta cikin matsaloli biyu da ba su yi kama da juna ba. Ta farko a gona take. Ruwan sama yana kwashe ƙasar noma yana zubarwa a kogunan Missouri da Mississippi, har jihar ta zama ta biyu a duk Amurka wajen zaizayar ƙasa. Ta biyu kuwa a gandun shaƙatawa na jiha take, wato dazuzzuka da tafkuna da wuraren tarihi da gwamnati ta keɓe wa jama'a. Gine-ginen da matasa 'yan aikin gwamnati suka yi a wuraren tun shekarun 1930 sun tsufa, tallafin gwamnatin tarayya ya ja baya, kuɗin gyara kuma babu.

Manomin ƙauye bai damu da wurin yawon buɗe ido ba, mutumin St. Louis ko Kansas City kuma bai san zafin ganin gona tana tsagewa ba. Da kowanne ya nemi haraji shi kaɗai, da wuya ya samu, musamman da yake tun 1980 an yi wa tsarin mulkin jihar gyaran da ya ɗaure wa gwamnati hannu wajen ƙara haraji ba tare da yardar masu zaɓe ba. Dabarar da aka yi ita ce haɗa buƙatun biyu a takardar ƙuri'a ɗaya. Za a ɗora santi 1 a kan kowace dala 10 ta sayayya, a raba abin da aka tara gida biyu daidai: rabi ga gandun shaƙatawa da wuraren tarihi, rabi ga kare ƙasar noma da ruwa.

Da ƙyar da jiɓin goshi shawarar ta tsallake a 1984, don ƙuri'un amincewa sun ɗara rabi ne da ɗan kaɗan. Kuma wa'adin shekara 5 kawai aka ba ta.

Wannan wa'adi, wanda da farko ya yi kama da rauni, a ganina shi ne ƙarfin harajin. Tunda ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda ke kula da kuɗin, ta san za a koma gaban jama'a, dole aiki ya fito fili. Manomin da ke son yin kunyoyin tare ruwa a gangaren gonarsa, ko haƙa tafki, ko shuka ciyawa a hanyar ruwa, sai ya je ofishin kula da ƙasa da ruwa na gundumarsa. Akwai irin waɗannan ofisoshi 114, kowace gunduma da nata, kuma manoman yankin ne ke cikin kwamitin gudanarwa. Ana iya biya masa har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, shi ya cika sauran. Ba a tilasta wa kowa. A ɗaya ɓangaren, shiga gandun shaƙatawa na jihar kyauta ne, daga Ha Ha Tonka da Elephant Rocks har zuwa Katy Trail, tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke da ƙafa mai tsawon kusan mil 240. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin tafiyar da wuraren daga wannan haraji yake fitowa.

Aka sabunta shi a 1988, aka sake a 1996, kowane karo da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A waɗannan zaɓuka biyu sai da masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar manoma ta Missouri Farm Bureau da ƙungiyoyin kare muhalli, suka bi gari-gari suna tara sa hannun jama'a kafin batun ya shiga takardar zaɓe. Wahala ce babba, don haka a 2006 aka shigar da sharaɗin cewa batun zai riƙa dawowa da kansa duk bayan shekara 10. A shekarar ya samu kusan kashi 70 cikin 100. A 2016, lokacin da yake tara kusan dala miliyan 90 a shekara, ya samu kusan kashi 80.

Kada a rikita shi da ɗan'uwansa na 1976, mai santi 1 a kan kowace dala 8, wanda ke zuwa ga hukumar kula da namun daji da kifi da dazuzzuka. Wancan ba shi da wa'adi, shi ya sa lokaci zuwa lokaci wasu 'yan majalisa kan yi ƙorafin cewa ya kamata shi ma a riƙa mayar da shi gaban masu zaɓe.

Akwai abin sukar harajin 1984 ɗin, kuma gaskiya ne: harajin sayayya ya fi taɓa aljihun talaka, wanda ke kashe kusan duk abin da ya samu. Amma a jihar da mutanenta suka yi suna wajen ƙin haraji, tsakanin 1988 da 2016 sau huɗu ana tambayarsu ko a ci gaba, sau huɗu suna cewa a ci gaba. Bisa tsarin da aka kafa a 2006, zagaye na biyar ya faɗo a 2026.