ZARE: Haƙoran kifin shak a Wurno, da tekun da ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato

1/ Yau zaren tarihi ne, amma tarihin da ya girmi sarauta da ganuwa. Akwai kifin shak da sunansa na kimiyya ke ɗauke da sunan Sakkwato, akwai ɗan'uwansa mai sunan Wurno. Yadda aka gane su, da inda haƙoransu suke yau, shi zan kawo muku. Ku gyara zama, da ɗan tsawo. 🧵

2/ Ni ɗan Yasore ne, yankin Batsari da Safana. Ruwanmu bai wuce rafi da tabki da rijiya ba, kifinmu tarwada da karfasa. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar mota ta haura kilomita 1,000. Shi ya sa yawancinmu a fim kawai muka san shak, kuma ɗauka muke duk iri ɗaya ne: baki, haƙora, jini.

3/ Alhali shak ya haura iri 500. Mafi girmansu, mai ɗige-ɗigen fari a baya, tsawonsa na kai mita 12 har fiye, amma ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa, ba ruwansa da mutum. Akwai mai kai kamar guduma, idanunsa a ƙarshen gefe biyu. Akwai wanda bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba.

4/ Alamar farko ta gane dangin: kifin da muka saba ci yana da murfi ɗaya a kan wurin numfashinsa. Shak ba shi da murfin, tsaga ce a fili guda 5 zuwa 7 a kowane gefen wuya. In tsagar a ƙarƙashin jiki take, kifin kuma shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, to ɗan'uwan shak ne, ba shi kansa ba.

5/ Alama ta biyu ita ce ta shafi tarihinmu. Shak ba shi da ƙashi irin na sauran kifi, guringuntsi ne, in ya mutu ruɓewa yake. Haƙori ne mai tauri. Kuma jeri-jeri suke a bakinsa, na gaba ya faɗi na baya ya matso. Shak ɗaya na zubar da dubban haƙora kafin ya mutu, su nutse cikin laka.

6/ To laka ta zama dutse, teku ya janye, haƙori ya zauna. Kuma haƙori ba ya ƙarya: siffarsa na faɗa maka abin da mai shi ke ci. Siriri mai tsini kamar basilla, na cafke kifi mai santsi ne. Mai faɗi da gefen zarto, na yanka nama ne. Shimfiɗaɗɗe kamar dutsen niƙa, na farfasa ƙwanso ne.

7/ Ba yau aka fara wannan tunani ba. Kusan shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Raihan al-Biruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku. Hujjarsa ita ce abin da masu haƙa rijiya ke cirowa: duwatsun da in an fasa su sai a ga ƙwanson halittun ruwa a ciki. Ku riƙe batun rijiyar nan.

8/ A Turai kuwa, an daɗe ana tsintar wasu duwatsu masu kusurwa uku, musamman a tsibirin Malta. Suna kiransu duwatsun harshe, wai harsunan macizai ne suka ƙandare. Har rataya su ake yi a matsayin maganin dafi. Kun ga ashe ba mu kaɗai ke mai da abin da ba mu gane ba laya.

9/ A 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno a Italiya, aka aika kansa birnin Florence ga wani likita ɗan Denmark, Nicolas Steno. Da ya feɗe ya duba haƙoran, sai ya ga su ne sak duwatsun harshe. Ya wallafa haka a 1667. Daga nan tambaya ta koma: ya aka yi haƙorin kifi ya shiga cikin dutse?

10/ Mu dawo gida. Turawan mulki sun kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Najeriya a 1919. Ma'aikatanta sun zagaya lardin Sakkwato suna nazarin shimfiɗar ƙasa, batun ruwan sha da rijiyoyi na cikin abin da ya kai su. A gangaren tuddai suka riƙa cin karo da haƙora da ƙasusuwa, suka tattara suka aika Landan.

11/ A gidan tarihin halittu na Landan, wani masanin kifi mai suna Errol White ya zauna a kan haƙoran, ya fitar da rahoto a 1934 kan tsoffin kifayen lardin Sakkwato. Bai taɓa ganin ko ɗaya da rai ba, ba wanda ya taɓa gani. Da siffar haƙori kaɗai ya ware su iri-iri. Ga kaɗan daga ciki.

12/ Na ɗaya: Ginglymostoma sokotoense. Ku lura da ƙarshen sunan. Haƙoransa ƙanana ne, masu tsini da yawa a jere kamar mataji. Danginsa na nan da rai a tekun Atlantika: shak ne mai son kwanciya a ƙasan ruwa da rana, mai gashin baki kamar tarwada, da dare yake fita ya zuƙo ƙaguwa da ƙananan kifi.

13/ Wannan halin nasa ma labari ne. Irinsa ba sa son ruwa mai sanyi ko mai zurfin gaske. Samun haƙorinsu a nan na nuna tekun da ya rufe Sakkwato mai ɗumi ne, marar zurfi. Binciken da ayarin Maureen O'Leary suka wallafa a 2019 kan ɓangaren tekun da ke Mali ya ƙiyasta zurfinsa kusan mita 50.

14/ Na biyu: Myliobatis wurnoensis, wato na Wurno. Eh, Wurnon da kuka sani, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda kabarinsa yake tun 1837. Wannan daga cikin shimfiɗaɗɗun nan ne masu fiffike. Haƙoransa a manne suke kamar daɓen tayil, sama da ƙasa, yana niƙe ƙwanso da su kamar yadda ake ɓarzar hatsi.

15/ Na uku: Eotorpedo, shi ma White ne ya raɗa wa jinsin suna. Masana sun danganta shi da kifayen teku masu jan wuta. Duk wanda ya taɓa riƙe minjirya ya san abin da nake nufi, ko da yake minjirya dangin tarwada ce, ba dangin shak ba. Dabara ɗaya, gida daban.

16/ Na huɗu: Schizorhiza, mai dogon hanci da ƙananan haƙora a cushe a gefensa kamar zarto. Da shi yake bugun kifi. An samu haƙoransa a Masar, Nijar, Najeriya, har nahiyar Amurka. Ya ɓace shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso suka ɓace. In ka ga haƙorinsa a dutse, ka san shekarun dutsen.

17/ Na biyar: Cretalamna, shak na sosai mai farauta. Haƙorinsa mai faɗi ne da tsini ɗaya babba a tsakiya, da ƙananan tsini a gefe biyu kamar dogarai. Masana da yawa na ganin daga zuriyarsa megalodon ya fito, wancan ƙaton na fim mai haƙori kusan santimita 18.

18/ Amma fa a kula. Megalodon ya bayyana ne kusan shekara miliyan 20 da suka wuce, lokacin tekunmu ya daɗe da janyewa. Saboda haka duk wanda ya ɗora hoto ya ce ga haƙorin megalodon daga Sakkwato, ku ce masa ya sake dubawa. Ko wani shak ne daban, ko hoton daga wata ƙasa aka kwaso.

19/ Kuma ba shak kaɗai ke cikin ruwan ba. A 1930 William Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga yankin. Daga baya masana daga Florence suka zo suka tono ƙari, a 1972 suka ba shi sabon suna: Goronyosaurus, ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma kada mai suna Sokotosuchus da kunkuru Sokotochelys.

20/ Teku bai san iyaka ba. A 1972 ɗin dai, Henri Cappetta na Faransa ya wallafa nazarin haƙoran da aka samo a Jamhuriyar Nijar, ciki har da na Dutsen Igdaman a yankin Tawa. Nan aka samo sunan Igdabatis. Daga baya aka gano danginsa a Indiya da Sifaniya. Wato ruwanmu a haɗe yake da na duniya.

21/ Hoton dai shi ne: tsakanin shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce, ruwa ya riƙa shigowa daga tekun arewa ta cikin Sahara, ya janye, ya sake dawowa. Duk zuwa sai ya bar shimfiɗa. Masana sun raɗa wa shimfiɗun sunan garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Dukamaje kafin ɓacewar dinoso, Dange da Kalambaina bayanta.

22/ Wani zai ce to mu a Batsari da Safana fa? Mu a kan tsohon dutse muke zaune, irin manyan duwatsun nan masu santsi da ke tsaye a gonakinmu. Daga narkakken dutse suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa, sun girmi wancan teku da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Ba a neman haƙori a cikinsu. Sai an nausa yamma, ƙasar Sakkwato.

23/ Amma tekun ya iso gidajenmu ta wata hanya. Farar ƙasar Kalambaina, wadda kamfanin siminti na Sakkwato ke sarrafawa tun 1967, tarin ƙwanson halittun wancan teku ne. In da simintin Sakkwato aka yi ginin ɗakinku, to bangon da kake jingina da shi kana latsa waya, ƙasan teku ne. Allah mai iko.

24/ Dangin shak ma ba su bar mu gaba ɗaya ba. A kogin Binuwai da Neja akwai kifi shimfiɗaɗɗe mai ƙaya mai dafi a wutsiya, masunta Hausawa na kiransa kunamar ruwa. Masana sun ba shi suna a 1962 daga garin Garwa na Kamaru. Tsagar numfashinsa a ƙarƙashi take, guringuntsi ne jikinsa. Yanzu yana cikin haɗarin ɓacewa.

25/ Masu zuwa Maraɗi, ku ciro sefa ku duba tambarin bankin da ke jiki. Siffar kifi mai zarto ce, an ɗauko ta daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Shi ma ɗan'uwan shak ne na ɓangaren shimfiɗaɗɗu. Da ya cika gaɓar Afirka ta Yamma, yau ganinsa ya zama labari. Ya rage a kuɗi, ya ƙare a ruwa.

26/ Ba shi kaɗai ba. Wani babban nazari na 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-iren shak da danginsu na fuskantar ɓacewa, babban dalili kamun da ya wuce kima. Mutanen da shak ke kashewa a duniya a shekara ba su cika wuce goma ba. Mu kuwa miliyoyinsu muke kashewa. Wa ya kamata ya ji tsoron wa?

27/ Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sunayen namu ne: Wurno, Goronyo, Sakkwato. Amma mai son ganin haƙoran da White ya yi aiki a kansu sai ya nemi bizar Ingila. Yaro zai gama sakandare a Wurno bai taɓa jin akwai kifi mai sunan garinsu ba, alhali ɗalibi a Turai na karanta shi.

28/ Ba wai namu ba su taɓuka ba. Farfesa Cornelius Kogbe ya yi aiki mai yawa kan shimfiɗun Sakkwato yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, haka Sunday Petters. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen nazarin duwatsu. Sai dai wannan ilimi da ƙafa ake yinsa, a daji, kuma kun san halin da dajin Goronyo da Wurno ke ciki, kamar namu na Rugu.

29/ Rashin tsaro ya raba manomi da gonarsa, ya raba ɗalibi da tudun da zai tona. A gefe guda ana ci gaba da haƙar farar ƙasa da sauran ma'adinai, ruwan damina na zaizaye gangare. Haƙorin da ya jure shekara miliyan 60 na iya zama gari a yini ɗaya ba wanda ya duba shi.

30/ To 'yan'uwa na Wurno, Goronyo, Dange, Gada da Tawa: in kun tsinci abu mai ƙyalli kamar haƙori a tudu ko cikin ƙasar rijiya, kar a goge shi da ƙarfe. A ɗauki hoto da biro a gefe don a ga girmansa, a rubuta inda aka same shi da zurfin wurin. Haƙorin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa.

31/ Sai a duba: basilla ne, zarto, mataji ko dutsen niƙa? Akwai ƙananan tsini a gefe? Daga nan a kai wa malaman nazarin duwatsu a jami'a mafi kusa, kar a sayar wa ɗan kasuwa. Mai hoto ya ajiye a ƙarƙashin zaren nan mu duba tare. Malaman makaranta kuma, don Allah a kai wa yara labarin.